'Yardada Dillaliya da Akwatin da Ba a Buɗe Ba

Duk wanda ya san Shahuci ya san tafiyar 'Yardada. Da hantsi take fitowa da ƙullin kaya a ka, tana tafe tana gaisuwa, tana tambayar mai jikin da ta bari kwance jiya. Dillaliya ce ta atamfa da leshi da 'yan kunne. Gidan da aka rubuta wa "ba shiga", ita sallama ɗaya take yi ta wuce har uwar ɗaka. Bana gwiwa ta hana ta yawo, ta sauke ƙullin. Tunda kuma soja sun koma bariki, yanzu baki zai iya faɗin abin da ke ƙasan atamfofin nan.

A shekarun da ake garƙame gidajen jaridu, akwai wata ƙaramar jarida mai suna Muryar Lungu, wadda ke faɗin waɗanda aka kama da inda aka kai su. Maƙwabcin 'Yardada, Malam Ilu, malamin firamare, shi ke buga ta da wani ƙaramin inji na hannu. Sa'ida, 'yar ƙanin 'Yardada, bazawara mai saurin yatsu, ita ke buga tafireta. 'Yardada kuwa ta ninke jaridar cikin turamen atamfa ta bi gida gida, matan su tura wa mazajensu a ƙarƙashin faifan tuwo. Iyaye mata da yawa ta hannunta suka ji 'ya'yansu na raye.

Wata rana aka tsegunta mata za a bincike lungunsu. Ta san in aka ga injin, Ilu ya tafi ke nan, kuma hankalinta ya tashi ƙwarai. Sai ta ari saitin akwatunan lefe, ta kwantar da injin a babban, ta cika sauran da hajarta, ta kira ƙawayenta biyu masu guɗa, suka nufi gidan su Sa'ida a Ƙofar Mazugal. A shingen hanya wani soja ya ce a buɗe. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, a garinku a bakin titi ake buɗe lefe?"

Ya yi dariya ya ɗage musu.

Abin da ta manta shi ne matan Kano. Guɗar da ta raba su da soja ita ta tara musu unguwa. Kafin a sauke kaya tsakar gida ta cika, kowace ta zo ganin lefe. 'Yardada ta zauna daram a kan babban akwatin, ta ce makullinsa na wurin gwaggon ango. Aka tambayi amarya, ta nuna Sa'ida. Aka tambayi ango, sunan da ke bakinta ya faɗo: Malam Ilu. Kafin la'asar ana ta yi wa bawan Allah murna a masallaci, shi ko bai san dalili ba.

Ƙaryar ta yi rana. Kullum Ilu ya zo zance, ya shige ɗakin zaure ya yi ta juya inji, maƙwabta na cewa ba su taɓa ganin mai naci irinsa ba. Jarida ba ta fasa fita ba.

Da aka rantsar da farar hula, Ilu ya zo yi wa 'Yardada godiya. Ta katse shi.

"Jaridarka ba ta ƙarya, ni za ka bari da ƙarya a baki? Unguwa na jiran biki."

Ya sunkuyar da kai, Sa'ida ta tuntsire da dariya a bayan labule. Ashe su biyun sun daɗe da gama magana, kunyar 'Yardada ce ta hana su faɗa.

'Yardada, uwar lunguna, ke ce kika ɗauki wuyan mutum a kanki kina tafe kina raha. Ke ce kika kai labari inda rediyo ya yi shiru, ba ki taɓa neman a ambaci sunanki ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sassauta wa gwiwar nan. Mu kuma da muke magana yau ba tsoro, kowa ya duba abin da sana'arsa za ta iya ɗaukar wa jama'a, ya ɗauka.

Ranar bikin, matan Ƙofar Mazugal suka tuna wa 'Yardada akwatin da ba su ga cikinsa ba. Ta ciro makulli daga bakin zaninta ta buɗe a gabansu. Suka matso suna kallon baƙin inji mai warin tawada, har wata tsohuwa da ɗanta ya dawo gida daga kurkuku a makon ta gane ko mene ne. Ita ce ta fara rangaɗa guɗa, tana hawaye.