Inda Odessa Pruitt Ta Tsaya da Karatu

Kowace Talata bayan abincin rana, tsohuwar motar ɗakin karatu tana zuwa da tarinta ta tsaya a ƙofar gidan tsofaffi da ke bayan matacciyar masana'antar ƙarfen garinmu, a bakin kogin Ohio. Odessa Pruitt takan fito rungume da kwali, ta ture ƙofa da kafaɗa, ta wuce falo. Shekara talatin da 'yan kai ke nan tana haka. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma hukumar gari ta tanadar mata kek da jawabin godiya, wanda aka karanta wa mai gyaran famfo bara.

Kwalin nan ba abin da ke cikinsa sai littattafan tarihin besbol, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ya buge ta da sanda ya ruga. Ta taɓa gwada kawo musu labaran soyayya da tarihin shugabanni, suka yi ta minshari. Rabin mazan gidan sun buga wa ƙungiyoyin masana'antu a ƙuruciya, kuma abin da suke so su ji shi ne kakar wasa ta shekara kaza, da mutanen da suka yi ta: wanda ke cin ɗanyar albasa kafin ya shiga fili don abokan hamayya su ba shi wuri, da wanda ke yi wa ƙwallo huɗuba kafin ya jefa ta. In ta zo kan jerin sunayen 'yan wasa, waɗanda kusan duk suna maƙabartar kan tudu, sai tsofaffin su riƙa amsawa ƙasa-ƙasa a madadinsu. Masu jinya sun ce lokacin da take karatu falon yakan ɗauki ƙamshin ciyawar da aka yanka yanzu, ko da ƙanƙara ta rufe gari. Shugaban gidan ya ce sabulun goge ƙasa ne. An canja sabulun, ƙamshin bai ji labari ba.

Dokarta ɗaya ce, ba ta ƙari, ba ta ragi. Abin da marubuci ya sa shi take karantawa, ko da mai labarin yana zaune gabanta yana zumɓura baki.

Mu ma muna da tamu dokar, wadda duk wanda ya tashi a nan ya sha da nono. In mai jifa ya yi nisa cikin wasa ba a samu ko mutum ɗaya da ya buga ƙwallonsa ya tsira ba, to ba a faɗa. Ba a ambata, ba a taya shi murna, abokan wasansa su janye daga kusa da shi a benci kamar mai cutar da ake ɗauka. Mutane ne masu zuwa coci, masu dariyar camfin wasu ƙasashe, amma ka furta wannan a fili ka ga yadda dattijon coci ke iya zagi.

A kakar 1958 mai jifa Virgil Tasker ya kai inda ba ɗan garin nan da ya taɓa kaiwa. Zagaye takwas ba wanda ya taɓa ƙwallonsa, a na tara, na ƙarshe, ya kori masu bugu biyu, saura mutum ɗaya. Mai sanarwa a lasifika, wani baƙo daga birni, ya kasa riƙe bakinsa, ya faɗa wa duk filin abin da ba a faɗa. Amos Dudek, mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafe wa Virgil ƙwallo, ya yi masa alama da yatsu ya jefo mai lanƙwasa. Aka maka ta, ta faɗi inda ba kowa, mai bugu ya tsira. Ranar Litinin Virgil ya koma bakin tanderun masana'anta, bai sake zancen ba.

Yanzu shi da Amos suna gida ɗaya. Tsufa ya kwashe wa Virgil komai, har sunan matarsa, ya bar masa yinin nan kaɗai, shi ma ba ƙarshensa. Yakan zauna a ƙarshen dogon benci kusa da taga, tawul naɗe a hannun dama don kada ya yi sanyi, yana jiran a kira shi zagaye na tara. A bazarar bara likita ya ce kwanakinsa sun kusa. Kamar ya ji, ranar wata Talata ya nuna littafin da ke da babin wasansa, ya ce, “Wancan, Mis Odessa. Mako mai zuwa.”

'Yarsa Lenora ta tare Odessa a bakin mota.

“Mis Odessa, don girman Allah, in kin zo ƙarshe ki ce an cafe ƙwallon, mai bugu ya fita. Wa zai sani?”

Amos ya turo kekensa na guragu daga baya. “Ni zan sani. Yarinya, ubanki ƙarya za a yi wa? Mutumin da ke gane maƙaryaci daga tsayuwarsa?”

“To a gaya masa gaskiya ya sake faɗuwa yana bakin kabari, Mista Dudek?”

“Ni mai cafewa ne, abin da aka jefo nake kamawa,” in ji Amos, ya juya kekensa.

Odessa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Mako guda ta yi da abin a ranta. In ta canja, ta karya abin da ya sa tsofaffin nan suka yarda da bakinta. In ta karanta yadda yake, tsoho zai sake rasa wasansa a gaban jama'a, kuma wannan karon ba Litinin ɗin da zai koma aiki ya manta.

Talatar ta zo, falo ya cika har da masu dafa abinci.

“Ɗaga murya, Mis Odessa,” in ji Amos. “Cletus ya bar kunnensa a banɗaki.”

“Kai ma haƙoranka na cikin kofi,” in ji Cletus, tsohon mai tsaron gefen fili, “amma bai hana ka surutu ba, tsohon banza.”

Ta fara. A zagaye na uku ana dariya. A na biyar dariya ta ragu. A na shida aka ji ƙarar taya: Cletus ne ya ja kekensa nesa da Virgil. Na kusa da shi ya bi. Ba wanda ya ce a yi. Kafin na takwas, tsofaffi sun taru a kusurwa ɗaya, ba mai kallonsa, an bar Virgil shi kaɗai a ƙarshen benci, fuskarsa ta yi wani haske irin na wanda aka mayar wa gidansa. Amos ne kawai ya turo kekensa ya tsaya can nesa, yana fuskantarsa.

Ta shiga na tara. Mutum na farko ya fita, na biyu ya fita. Ta juya shafi, sai ga maganar mai lasifika, marubucin ya kwafe ta kalma da kalma, don shi mutum ne mai gaskiya. Odessa 'yar garin nan ce. Ta buɗe baki, bakin ya ƙi. Daga baya ta ce ba shawara ta yanke ba, harshenta ne ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Ta ɗora yatsa a kan layin ta yi shiru.

Cikin shirun nan Virgil ya warware tawul, ya miƙe tsaye, shi da ya yi watanni sai an ɗaga shi. Amos ya saukar da hannu tsakanin gwiwoyinsa ya yi alama da yatsu, ta mai lanƙwasar nan. Virgil ya girgiza kai. Amos ya canja alama. Virgil ya gyaɗa kai, ya ɗaga ƙafa kaɗan, hannunsa ya zagayo ba komai a ciki.

Kowa a falon ya ji ƙarar, fas, irin ta ƙwallo in ta shige fatar safar hannu. Amos ya rufe tafinsa ya ja shi zuwa ƙirji. Mai jinyar da ta duba shi da yamma ta ce tafin ya yi ja ya kumbura, ta rubuta cewa sanyin ƙashi ne.

Virgil ya koma ya zauna, ya sake naɗe hannunsa. Wata sabuwar ma'aikaciya ta yi raɗa, “To, ya ci ne?” Tsofaffi suka juyo mata gaba ɗaya da tsaki, har ta fice. Jifa ɗaya ce aka yi, sai an yi uku ake korar mutum, mai bugu na nan tsaye, wasa bai ƙare ba. Odessa ta rufe littafin a hankali. Ranar Juma'a Virgil ya rasu, ba wanda ya taɓa ƙwallonsa.

Odessa, ke ce kika karanta wa mutanen da 'ya'yansu ke ziyarta a ranar biki kawai. Ke ce kika ɗauki matattun shekarun wasa a kwali kika kai wa masu su, ba ki taɓa cewa ai ƙwallo ce kawai ba, kamar yadda mu masu digiri kan ce kafin mu ɓoye mu duba sakamako. Mai murya daidai, ba ki yi wa Virgil ƙarya ba, ba ki kuma kayar da shi ba. Mun gode. Garin da ya rufe masana'antarsa ya sayar da filin wasansa bai cancanci irinki ba, amma ya samu.

Motar tana buƙatar wanda zai gaji Odessa, gidan yana buƙatar masu karatu, kuma ba a neman takardar shaida. Ku je ranar Talata, ku karanta abin da ke rubuce, ku koyi inda ake tsayawa. Za ku tarar ba mai zama a ƙarshen bencin nan, kuma Amos na zaune yana fuskantarsa, hannu tsakanin gwiwoyi. Kada ku tambaye shi me yake jira. Ba a faɗa.