Jan Katin Baba Mainasara

Duk wanda ya san kasuwar Bodinga a shekarun baya ya san Baba Mainasara na Danchadi, mai albasa, dogo, marar son magana. Abin da aka fi saninsa da shi yatsunsa ne. Zai tura hannu cikin buhu ba tare da ya leƙa ba, ya zaro wadda ta fara ruɓewa ta ciki alhali ɓawonta yana ƙyalli. Dillalai ba sa son ganinsa ya tunkaro kayansu. Ni ba a kasuwa na fara saninsa ba, a asibiti ne, kuma yatsun nan su suka jawo abin da har yau ban manta ba.

Sunana Binta, 'yar garin Shagari, aikin jinya na yi har na ajiye. A 1981, lokacin farar hula, sa'ad da mu mutanen Shagari muke tafiya ƙafarmu ba ta taɓa ƙasa don ɗan garinmu ne shugaban ƙasa, aka yi ta rabon aiki kamar goron suna. Wani ɗan siyasa ya sa sunan Mainasara, ya wayi gari lebura a asibitin da nake aiki a birni, mai tura gadon marasa lafiya. Shekarunsa sun kusa hamsin, bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Ya bar gonar fadama a hannun ɗansa na fari, Ɗahiru, wanda saboda kunyar ɗan fari ko sunansa ba ya faɗa, sai dai ya ce “mai gonar.”

Aka tura shi ɗakinmu, wanda muke kira ɗakin shiru. Gado shida ne, na waɗanda ciwo ya kai gargara, yawancinsu masu ciwon sarƙewar haƙora. Ƙaya ko fartanya ta ji wa mutum rauni a gona, bayan kwanaki muƙamuƙinsa ya ƙi buɗuwa, jikinsa ya sandare, ya riƙa banƙarewa har numfashi ya tsaya. Ƙara kaɗan ko haske na iya tayar da ciwon, don haka tagogi a rufe suke da baƙin ƙyalle, mu kuma ba takalmi muke yawo. Kunu ta hanci muke ba su da roba. Muna da tukwanen iskar taimakon numfashi biyu da injin zuƙe majina wanda ake takawa da ƙafa. A wannan ɗaki Mainasara ya fi kowa dacewa, domin zai ɗaga ƙato daga gado ya juya shi ba ka ji ko motsi ba.

Likitan ɗakin, Dokta Sama'ila, Bazazzagi ne, matashi, mai zafin nama da zafin rai. Cikin daminar 1982 ya samo wata sabuwar allura da ake yi a ƙashin baya, kwalabe kaɗan, daga wasu masu bincike na ƙasar waje. Ya tara mu ya ce ba wanda ya san ko ta fi maganin da muka saba, shi ya sa za a gwada. Kowa zai sami tsohon magani. Rabin mutane za a ƙara musu allurar, rabi ba za a ƙara ba, bayan mutum ɗari da ashirin a duba wane ɓangare ya fi tashi. Wa zai samu, wa ba zai samu ba, ƙuri'a ce. Ya kawo kwali cike da ambulan a liƙe, a cikin kowace akwai kati: ja, a yi allura, fari, kada a yi.

Ya ce shi ba zai zaro ba, mu ma ba za mu zaro ba, don zuciyarmu za ta karkata. Ya nuna Mainasara.

“Baba, ka san watanda? In an kasa nama, ai wanda bai ga kason ba shi ake kira ya jefa kara. To kai ne mai jefa mana kara.”

Mainasara ya kalli kwalin, ya ce, “Likita, Allah shi ba ka nasara, watanda dai kahin a jehwa kara sai an daidaita kashi. Nan kuwa kashi guda ya hi guda.”

“Wa ya gaya maka ya fi? Abin da muke son ganewa ke nan.”

Mainasara ya ce to. Irin “to” ɗin mutanenmu, wadda baƙo yake ɗauka an yarda.

Mutum na uku da jan kati ya faɗa wa wani Bafulatani makiyayi ne daga Lambara, an kawo shi a banƙare, har 'yan uwansa sun fara shawarar motar da za ta mayar da gawa. Aka yi masa allurar. Kwana goma sha takwas ya sauko daga gado da ƙafarsa yana neman fura. Dokta ya ce mutum ɗaya ba hujja ba ne. Mainasara kuwa ya riga ya gama nasa binciken a ranar.

Ga abin da ba mu sani ba sai daga baya. Takarda ta yi wuya a shekarar, Dokta ya yanka fararen katin daga bangon littafin rubutu, jajayen kuma daga wani kwalin magani. Jan ya ɗara farin kauri da abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ni na sha riƙe ambulan ɗin, ban taɓa jin bambanci ba. Amma an ba wa mutumin da yake jin ruɓar albasa ta bayan ɓawo.

Sannan shi ne yake tarbar marasa lafiya tun daga bakin ƙofa. Mutanenmu in likita ya tambaye su yaushe ciwo ya fara, yaushe aka ji raunin, sai su faɗi abin da suke ganin ba zai jawo musu faɗa ba. Ba za su ce sun kwana uku wajen wanzami ana tsaga ba. Amma a baranda, ga dattijo mai harshen gida yana tura gado, sai su zazzage masa komai. Kafin a iso ɗakin shiru ya riga ya san wanda mutuwa ta fi kusa da shi, fiye da abin da mu za mu rubuta a takarda. Sai ya yi abin da ya saba yi a fadama, inda kwamin shukar da ya fi yaushi shi ake fara ba ruwa. Mai sauƙi ya zaro masa fari, wanda ya yi nisa ya zaro masa ja.

Ba zan wanke kaina ba. Na lura jan kati yana yawan faɗa wa waɗanda suka fi jin jiki. Har tsokanarsa muke yi, muna cewa hannun Baba akwai tausayi. Abin ya yi mini daɗi, shi ya sa ban tambaya ba. Ni da na yi makaranta na san dalilin ƙuri'ar, na ga alama, na kawar da kai.

A ƙarshen 1983 ambulan suka ƙare. A lokacin ƙasa ta riga ta ɗau zafi, ana layin sabulu da madara, tukunyar iska in ta ƙare sai ta yi mako uku ba a cika ba. Wata safiya Dokta ya kira mu ofishinsa, fuskarsa ba annuri. Cikin sittin masu farin kati, ashirin sun rasu. Cikin sittin masu ja, talatin da uku. Ya ce ya duba takardun shigarsu, duka ɓangarorin biyu kusan daidai suke da tsanani, don haka ba wata fassara: allurar ba ta taimako, wataƙila ma ita take kisa. Ya ce ya soka wa mutum sittin abu da hannunsa, bai san yadda zai tsaya gaban Allah ba. Ya rubuta rahoto, ya mayar da sauran kwalaben.

Mainasara yana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Na ga ya juya ya ci gaba da shara. Daga baya ya ce mini ya so ya yi magana, amma nauyin likita ya ji, lebura ba ya ce wa mai ilimi lissafinsa ya ɓaci. Na yi imani akwai tsoro ma a ciki.

Soja suka karɓi mulki, aka shiga korar ma'aikata, sunan Mainasara na cikin na farko. Ya koma Danchadi a shekarar da ruwa ya yi gardama, gero ya bushe a tsaye. Kowa ya koma fadama da rani, ana haƙa rijiyoyi a gindin rafi don a ceci albasa. A wajen wannan haƙa ne wani tsohon ƙarfe ya tsaga tafin ƙafar Ɗahiru.

Da hantsi wata rana suka iso asibiti, a bayan akori-kura, haƙoran Ɗahiru a sarƙe, uban yana rungume da kan ɗan, ya lulluɓe masa ido da rawaninsa don haske. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, amma haka ya ɗauko shi a kafaɗa har gado, bai bari kowa ya taɓa ba. Kwana biyar kacal tsakanin raunin da sarƙewar, kuma duk wanda ya yi aiki a ɗakin ya san abin da wannan yake nufi: in ciwon ya zo da wuri haka, da wuya a tashi. Muka sa masa abin da muke da shi. Da Dokta ya fito baranda, Mainasara ya durƙusa a gabansa, dattijo da furfura.

“Likita, ja za ka ba shi. Don Allah, ja.”

Dokta ya ɗaga shi ya ce, “Baba, babu ita. Kuma ko akwai ba zan yi masa ba. Kana wurin na faɗi abin da ta yi.”

“Ba ita ba ta, ni na.”

“Kai ne me?”

“Ni ka zaɓe. Jan ya hi hwarin kauri, yatsana na jin shi. Duk wanda nig ga ya yi nisa, ja ni ka zaro mishi. Waɗanda sunka mutu, da ma masu mutuwa na. Maganin ga na aiki, likita, na gani da idona.”

Na ɗauka Dokta Sama'ila zai yi ihu, mutumin da yake zagin mu kan cokali ya faɗi. Sai kawai ya zauna a kan dakalin baranda, ya riƙe kai. Can ya tambaya, tun daga na nawa? Mainasara ya ce tun daga Bafulatanin Lambara. Dokta ya juyo ya kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa.

“Baba,” in ji shi, muryarsa a ƙasa saboda ɗakin, “ka ce tana aiki. Mai yiwuwa. Mai yiwuwa kuma tana kisa, ka ɗauke ta ka ba waɗanda suka fi rauni. Wata goma sha shida muka yi don mu sani. Yanzu ni ban sani ba, kai ba ka sani ba, kuma na riga na rubuta wa mutane cewa na sani.”

Duk da haka ya yi ƙoƙari, wannan zan shaida. A ranar ya buga waya, ya aika takarda ta hannun direban da zai tafi Kaduna, yana janye rahotonsa, yana roƙon ko kwalba ɗaya. Amsar da ta zo bayan wata biyu ita ce, an rufe aikin, ba a sake yin allurar ba. Ɗahiru bai jira ta ba. Kwanansa huɗu. Uban bai bar gefen gadon ba, shi yake taka injin majina da ƙafarsa, shi yake juya shi. Ranar ta huɗu bayan azahar ciwon ya taso bai sake shi ba, tukunyar iska kuma babu komai a ciki. A ɗakin da ba a ɗaga murya, na ji Mainasara ya kira sunan ɗansa a fili, sau biyu. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar.

Dokta ya bar aiki a shekarar da ta biyo, ya tafi Saudiyya kamar sauran likitoci. Ɗakin shiru ya zama wurin ajiye karyayyun gadaje. Mainasara ya riƙe jikokinsa uku da albasa, ya aurar da su duka, kuma ban taɓa jin wani a Danchadi ya faɗi aibunsa ba. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, har yau ban iya raba biyun ba.

Duk sanda zan je gida Shagari nakan tsaya a Bodinga in ranar kasuwa ce. Mu gaisa, ya tambayi maigida da yara, sannan ya rage murya.

“Malama, an gano?”

In ce ban ji an sake gwadawa ba, Baba.

Zuwana na ƙarshe ya tsufa ƙwarai, idonsa ya fara hazo. Da ya yi tambayar sai na ji ina son in yi masa ƙarya, ko ya huta. Amma wacce zan yi? In na ce an gano allurar tana warkarwa, to shi ya kore ta daga ɗakin kafin a kawo ɗansa. In na ce tana kisa, to mutum talatin da uku ne ya zaɓa da yatsunsa.

Ya gyaɗa kai.

“Na sani, Malama. Na daɗe da auna su duka biyu. Ba wadda ni ka iya ɗauka, amma dai ina son in ji kahin in tahi.”

Na ce ya auna mini albasa tiya biyu, ya zaɓo masu kyau. Ya turo mini kwandon gabana, ya mayar da hannuwansa cikin riga.

“Zaɓi da kanki,” in ji shi. “Ni na bar zaɓe.”