Ɗan Azumi Ya Tafi, Injin Ruwa Na Tari

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 1975, ina tsakiyar duba wani jariri a gidan likita na Madarumfa, A'isha ta aiko mini cewa mijinta ya cika. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Malam Ɗan Azumi makanike, kwana huɗu kacal ka yi a kwance da sanƙarau. Ni na yi maka allura da hannuna, na kuma san tun ranar Lahadi cewa ba za ta yi ba, amma ban iya faɗa wa iyalinka ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka turo ni garin nan aikin jinya, kuma kai ne mutum na farko da na yi faɗa da shi. Na zo ɗakin inji da fushi don famfonmu ya ƙafe ina da mai naƙuda. Ka ɗauki tulu biyu, ka kai mini ruwa da kanka har ƙofa, sannan ka koma ka kwance injin gaba ɗaya. Kafin la'asar ruwa ya dawo. Tun daga ranar na gane cewa rabin aikina a hannunka yake, domin wannan injin guda ne ke ɗaga ruwan da unguwanni ke sha, shi ne kuma ke ba mu wutar da ke sanyaya maganin rigakafi.

Lokacin yaƙin basasar Najeriya, da motocin mai suka daina zuwa yadda suka saba, ka riƙa hawa keke zuwa Ɗan Issa da ke bakin iyaka kana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tsiyaya maka kwalba, wancan ya ba ka rabin bido, wato jarka. Sun san ka tun kana gyara musu motoci a Maraɗi, ba sa iya hana ka. Amma kakan dawo ranka a ɓace. Ka taɓa ce mini: "Likita, yau an ba ni don ana jin kunyata. Garin da ke shan ruwa da kunyar mutum ɗaya yana cikin haɗari."

Bara abin ya fi muni. Ga fari, ga gazuwal, man da injin ke sha, ya yi tsada a duniya baki ɗaya, tanon da ake aiko mana, wato gangar mai, ya koma sai an ga dama. A nan ne ka fara gauraya man gyaɗa da ɗan gazuwal ɗin da ya rage. Kakan tace shi sau uku da ƙyalle, ka shanya shi a rana ya tsinke, injin kuma ya karɓa. Sai Atika, shugabar mata masu ƙuli-ƙuli, ta zo ta tsaya maka a ƙofa a gaban mutane.

"Malam, ƴaƴanmu na cin tuwo gaya, kai kana ba ƙarfe mai?"

Sai ka ce: "Gaskiyarki, Iya. To ku tara mini ruɓaɓɓiyar gyaɗar da kuke zubarwa, wadda ko akuya ba ta ci."

Haka aka yi. Matan da suka zo yi maka faɗa su ne suka koma suna matse maka man da ba ya ciwuwa. Wata bakwai injin yana warin suya, ruwa bai yanke ba, maganin ƙyanda bai lalace ba. Yara nawa ke yawo yau saboda wannan, Allah kaɗai Ya sani.

Da manya suka zo daga Yamai suna bayanin tsarin ƙasa kan mai da wuta, kowa ya tafa, kai ka ɗaga hannu. Ba ka iya faransanci ba, ni na fassara maka. Ka roƙi abu uku: a ajiye wa kowane gari man wata uku wanda ba a taɓawa sai tura ta kai bango, a koya wa mutane gyaran inji a ƙauyukansu, a kuma dubi ranar nan da ke ƙona mu kullum ko za ta yi mana aiki. Suka rubuta, suka yaba maka, suka tafi. Duk ranar da wasiƙu suka iso kakan leƙo ka tambaye ni ko an amsa. Har ka kwanta ba a amsa ba.

Yanzu ga mu nan. A'isha ta kawo mini makullan ɗakin inji a ƙulle cikin gefen zanenta, na karɓa. Na san awon magani, ban san awon manka ba, ba ka kuma rubuta shi ko'ina ba. Shekaranjiya injin ya fara tari, jiya ya tsaya sau biyu. Mata sun soma gangarawa tafki da tuluna, ni kuwa na san abin da ruwan tafki ke kawo mini gidan likita. Zafi yanzu ya fara, masu sanƙarau tara ke kwance a wurina, gazuwal ɗin da ya rage ba zai wuce Juma'a biyu ba. Mun aika Maraɗi a turo makanike, an ce mu jira. Mun jingina da kai har muka manta cewa kai ma mutum ne mai ajali. Wannan laifinmu ne, ba naka ba.

Ya Allah, bawanKa Ɗan Azumi ya shayar da gari, Ka shayar da shi daga tafkin AnnabinKa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga A'isha, da ƴarsa Ramatu, da ƴan'uwansa na Gabi, da direbobin Ɗan Issa da suka rufe motocinsu suka zo jana'iza. Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma da ya bari da makulli a hannu, Allah Ya dube mu kafin zafin nan ya kai ƙarshe. Amin.

Ibrahim, ma'aikacin jinya, Madarumfa