Hannun da Bai Kumbura Ba

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a bakin kogi a Jimeta ya san Adda Kezia, ko bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan ta rumfar farko, wadda take fafe cikin kifi tana kallon fuskar mai saye, ba ta kallon wuƙa. Ni sunana Fibi, rumfata tana jikin tata tun ina amarya. Ba jini ya haɗa mu ba, amma a garin nan macen da ta girme ki kuma kike jin nauyinta, Adda ce. Labarin hannunta na dama zan ba ku, don wannan hannun shi ne gonarta, shi ne albashinta, kuma shi aka zo ana ja-in-ja a kansa.

A wani ƙauye kusa da Numan aka haife ta, ubanta masunci. Mijinta Absalom, direban ma'aikatar gona, shi ya kawo ta Jimeta tun jihar tana amsa sunan Gongola. Ya rasu autarsu Hadassah tana goye. Dangi suka ce ta kwashe yara ta koma gida, ta ce gidan ubanta babu makarantar da take so, ba ta zuwa. Ta ari wuƙa da kwano ta sauka bakin ruwa. Da wannan hannun ta ciyar da 'ya'ya huɗu har kowa ya kama gabansa, ta kuma gina ɗakunanta a unguwar Damilu, bulo bayan bulo.

Mace ce mai wuyar sha'ani, ba zan ɓoye ba. Ba a kama mata kaya. In ta sunkuya za ta ɗauki bahon kifi kika miƙa hannu, sai ta dube ki sama da ƙasa ta ce, “Na kira ki?” Mun yi faɗa da ita ya fi a ƙirga, har mu yi kwanaki ba gaisuwa, sai wata safiya in tarar da tarwaɗa mafi girma a cikin kwanona, ita kuwa ta juya baya kamar ba ita ba. Haka take ba da haƙuri. Ina son matar nan ƙwarai.

To, akwai wani kifi da ake kira ƙurungu. Ɗan ƙarami ne, ga daɗi a miya, amma yana da ƙayoyi uku, ɗaya a baya biyu a gefe, masu haƙora kamar zarto. Babu mai sayar da kifin da bai taɓa soke ta ba. Kuma mu matan bakin kogi muna da dokarmu da muka gada daga iyaye. In ƙaya ta soke ki, ki matse jinin, ki tsoma hannun a ruwan zafi da gishiri, sannan ki zuba ido. In wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, har kaluluwa ta fito a hammata, to dafi ya shiga. Sai a jira ya nuna a yi masa sakiya mugunya ta fita, ko a tafi asibiti in ya gagara. In kuwa hannu ya kwana ya yini bai tashi ba, an tsira, a koma aiki. Adda Kezia ce ma mai duba mana. Ta ɗora bayan hannunta a kan ciwo, ta ce wannan ya yi fushi, ko ta ce wannan ba komai. Dokar nan ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Shekaru suka ja, gwiwoyinta suka fara ciwo, don zaman kujera 'yar tsugunno a kan laka ba ya barin kowa. Wani mai kemis a unguwarsu ya fara ƙulla mata haɗi a leda, ƙwayoyi kala-kala, ja da rawaya da wata 'yar mitsitsiyar fara. Kai, maganin ya yi aiki! Matar da take tashi da nishi ta koma hawa gangaren kogi da baho a ka. Ta kama ci kamar gara, fuskarta ta cika ta yi zagaye. Ni har tsiya nake yi mata, ina cewa, “Adda, wane ne ke zuwa zance Damilu? Ki faɗa mini in sayi anko.” Ta ce in rufe mata baki kafin ta rufe mini shi da kan kifi. Ta fi shekara tana shan haɗin nan safe da yamma.

Da damina, kogi ya cika ya yi ja, masunta suka kawo ƙurungu da yawa. Tana karya ƙayar wani sai ya zille, ƙayar ta nutse a tafin hannunta, gindin babban yatsa. Ta zare, ta matse, ta tsoma a ruwan gishiri kamar kullum. Washegari ta buɗe mana tafin. Ɗan baƙin ɗigo kawai, babu ja, babu kumburi. Keturah mai banda, wadda rumfarta ke bayanmu, ta taɓa wurin ta ce sanyi ƙalau. Mata suka yi ta cewa ta yi sa'a. Adda ta yi dariya ta ce, “Ƙurungu ma ya san manya.” Ta ɗauki wuƙarta.

Bayan 'yan kwanaki ta ce tana jin wani ciwo can ciki, kamar a ƙashi. Ta duba, ba kumburi. Ta taɓa wuyanta, ba zazzaɓi. Sai ta ƙara yawan haɗin, ciwon ya lafa. Wata rana wuƙa ta suɓuce mata sau biyu a gaban mai saye, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Ta ce gajiya ce, ta naɗe hannun da tsumma don kada ruwa ya shiga, ta tashi da wuri.

Ranar Lahadi ban gan ta a coci ba, ita da ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba ta fashi. Aka tashi na wuce Damilu da kayan cocin a jikina. Na same ta kwance a tabarma, ido a buɗe, tana kirana da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Jikinta ba zafi, sai gumi mai sanyi. Na kwance tsumman. Wayyo Allah! Tafin ya yi baƙi-baƙi, fatar ta yi ƙuraje masu ruwa, ga wani wari da ba na kifi ba. Na kira Hadassah, wadda yanzu malamar makaranta ce a Girei, na ce ta bar duk abin da take yi. Muka sa ta a keke mai ƙafa uku muka nufi asibiti a Yola.

Likitan da ya karɓe ta sunansa Uzoma, ɗan Ibo ne haifaffen unguwar Luggere a nan Jimeta, Hausarsa ta fi tawa. Bai daɗe yana duba hannun ba, fuskarta ya tsaya kallo, ya ce wane magani take sha. Hadassah ta fito da ledar. Ya zazzage a tafinsa ya ware 'yar farar nan da yatsa. Ya ce irin wadda 'yan mata ke sha don ƙiba suna kiranta sha-ka-fashe ce, likitoci na ba da ita a wasu cututtuka amma da awo da lokaci. Na ce masa, “Dakta, ni ban gane ba. Hannun nan bai kumbura ba, bai yi zafi ba. Yaya abin da bai yi fushi ba zai ruɓe?”

Ya zaunar da mu a benci ya yi mana bayani, kuma ban manta ba. Ya ce a cikin fata da jinin kowa akwai masu gadi da aka haife shi da su. Ba sai sun taɓa ganin cuta suke gane ta ba, don ƙwayoyin cuta suna ɗauke da wasu alamu a jikinsu da babu irinsu a jikin mutum. Da masu gadin sun ci karo da alamar sai su zubo wasu sinadarai, kiran gaggawa ke nan. Hanyoyin jini su buɗe, jini ya taru a wurin, shi ne ja da zafin da muke gani. Ruwa ya tsattsafo cikin nama, shi ne kumburi. Fararen ƙwayoyin jini su yi ta kwarara suna haɗiye cutar, waɗanda suka mutu a faɗan su ne mugunya. In abin ya yi yawa saƙo ya kai ƙwaƙwalwa, ta ɗaga zafin jiki, shi ne zazzaɓi.

“Mama,” ya ce da ni, “dokarku ba ƙarya ba ce. Fushin hannu shi ne maganin farko, kafin namu. Amma wannan ƙwayar aikinta ke nan ta kashe kumburi, shi ya sa gwiwa ta yi sauƙi. Ba ta san gwiwa daban tafin hannu daban ba. Ta toshe wa masu gadin baki gaba ɗaya, ta kuma tayar mata da sukari, cutar ruwan kogi ta samu wuri tana ci babu mai tanka mata.”

Na tashi daga nan ban zame ko'ina ba sai shagon mai kemis. Abin da na faɗa masa ba na maimaitawa, don ranar na ajiye tarbiyyar coci a bakin ƙofa. Shi kuwa ko a jikinsa. Cewa ya yi, “Mama, ai ita ta ce in ba ta mai ƙarfi.” Ku ji fa! Har yau in na wuce layin nan sai zuciyata ta tafasa.

A asibiti aka shiga kokawa da hannun. Aka sa mata ruwa da allurai, aka shiga da ita ɗakin tiyata aka yanke mataccen nama, aka wanke, aka sake wankewa. Ita 'yar farar ma ba a iya tsayar da ita farat ɗaya ba, likita ya ce jiki ya saba, sai a hankali. Hankalinta ya dawo, ta gane mu, har ta yi wa Hadassah faɗa a kan barin 'yan makaranta. Muka fara murna. Amma kullum aka buɗe bandeji sai a ga baƙin ya ƙara hawa wajen wuyan hannu.

Wata safiya Dakta Uzoma ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya gaya mata gaskiya. In ba a cire hannun ba, cutar za ta koma jini, kuma wannan karon ba lalle a iya dawo da ita ba. Ta ce a'a. Hadassah ta durƙusa tana kuka tana cewa, “Mama, mu za mu riƙe ki, ai mun girma.” Ta ce ba ta haifi 'ya'ya don ta zauna tana jiran kwano ba. Fasto ya zo ya yi addu'a ya lallashe ta, ta ce ta gode, amsarta tana nan. Ni ban lallashe ta ba, don na san ta. Na ce, “Adda, kin fi kowa sanin abin da ake yi da kifin da ya fara lalacewa ta gefe ɗaya.” Ta zage ni, ta juya fuska bango.

Da la'asar ta sa aka kira likitan. Ta ɗaga hannun da ke naɗe ta ce, “Ɗana, ka bar mini biyu. Babban yatsa da na kusa da shi. Da su zan iya riƙe wuƙa.” Ya ce zai duba in an shiga, amma ba zai yi mata alkawarin da ba shi da iko da shi ba. Ta dube shi ta ce to.

Ba a samu biyun ba. Sama da wuyan hannu aka yanke.

Ta rayu. Ta yi makonni a gadon nan ba ta ce uffan a kan hannun ba, ba da ni ba, ba da 'ya'yanta ba. Ta koyi cin tuwo da hagu tana ɓata rabi, kuma duk wanda ya yi yunƙurin ba ta a baki sai ya sha harara.

Ranar sallama Hadassah ta fita neman keke, aka bar mu mu biyu. Adda ta sauko daga gado, ta cire rigar asibiti, ta ɗauki zaninta. Na yi kamar ina haɗa kwanuka. Ta naɗa shi da hagu, ta danne gefen da guntun hannun, ta zo soke bakin zanin sai ya warware ya zube ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka. Ta kama gefe ɗaya da haƙori ta sake gwadawa, ya sake zubewa. Ta tsaya tana kallonsa a ƙafafunta, tana numfashi sama-sama.

“Fibi,” ta ce, ba ta dube ni ba. “Ja labulen nan. Zo ki ɗaura mini.”

Na ja labule, na durƙusa na ɗauki zanin na zagaya mata shi. Hawaye ya hana ni ganin abin da nake yi, sai na soke shi sako-sako.

“Ƙara ja,” ta ce. “Ba gawa kike ɗaura wa ba.”

Na ƙara ja har ta yi ɗan nishi, na soke bakin zanin a ƙugunta na hagu, inda hannunta zai kai in za ta kwance.