Ɗakin da Baba ya gina a saman gareji

Shekaranjiya maƙwabcinmu ya sa aka fara kwaɓa siminti a ƙofar gidansa, iska ta shigo mini da ƙamshin ta taga ina tsakiyar duba takardun ɗalibai. Ka san ƙamshin siminti in ya sha ruwa, kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi amma da ɗan kaifi a hanci. Sai na ajiye biro. Ƙamshin rigar Baba ke nan a shekarun ƙuruciyata, shi da baƙin mai.

Ina da shekara shida mahaifiyata ta rasu. Bayan sadakar arba'in aka kai ni Rawayya wurin kakata, wadda ta haife ta. Baba bakanike ne a Gusau, yana gyaran motoci a gindin wata darbejiya kusa da tasha. Da aka yi rasuwar ya saki ɗakin hayarmu, ya koma kwana a shagon wani abokinsa mai sayar da kayan mota. Ba wurin da za a ajiye 'ya mace ba ne, kowa ya san haka, har ni.

Gidan Kaka babba ne, amma ba mutane. Kawunnaina duk sun watse neman abinci, ɗakunansu a rufe, sai mu biyu da awaki da rumbu ɗaya. Da damina gero yakan yi tsawo har ya wuce katanga, gidan ya ƙara yin shiru. Kaka ba mai yawan magana ba ce. Takan zauna bakin ɗaki tana kaɗin auduga, ni kuma ina wasa da 'yar tsana ta kara. Wani lokaci in ɗago in ga ta zuba mini ido, sai ta kau da kai da sauri. Sai da na girma na gane cewa kamar 'yarta take gani a fuskata.

Baba yakan zo duk Juma'a biyu, bayan an sauko daga masallaci, a kan wani tsohon babur da nake gane ƙararsa tun daga nesa. A zaure yake tsayawa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Kaka kansa a ƙasa, irin gaisuwar suruki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

Wata Juma'a, ina shekara bakwai, ya tsinci tsinke ya share ƙasar zaure da tafin hannu ya fara zane. Ya gaya mini ya sayi wani ɗan fili a bayan tasha, ƙarami ƙwarai, mota biyu kawai zai ɗauka. Ba wurin yin ɗaki a gefe, don haka a sama za a yi shi. Ya zana gareji, ya zana matattakala daga waje don kada in riƙa ratsa cikin maza, ya zana ɗaki biyu da ɗan wurin girki.

“Ƙasa na motoci, sama namu ni da ke,” ya ce. “To Uwata, ina kike son taga?”

Na ce ta fuskanci Rawayya don in riƙa hango Kaka. Ya yi dariya har ya share ido, ya ja layin tagar a inda na nuna. Da ya tafi na kife ƙwarya a kan zanen don kada kaji su tone shi. Kwana uku yana nan kafin ruwa ya shigo ta ƙofar zaure ya tafi da shi.

Baba ba ya cin bashi, kuma ba shi da wani mai kuɗi a bayansa. In ya sami aiki mai kauri sai ya sayi bulo ya jibge a filin. In ya ƙara samu, ya sayi yashi. Ranar da ba mota, shi ne leburan kansa, yana kwaɓa siminti yana miƙa wa birkila. Duk zuwan da zai yi yakan ba ni labarin inda ginin ya kai, ya nuna mini a jikinsa: yau ya kai gwiwa, yau ya kai ƙirji. Mutane sun sha yi masa maganar aure, sai ya ce a bari ya gama ɗakin tukuna.

Gareji ya tashi cikin shekara uku, Baba ya bar gindin darbejiya ya koma can. Abin da ya tsaya shi ne rufin kankare da za a zuba a ɗora ɗaki a kai, wanda magina ke kira dekin. Wannan ba ya yiwuwa kaɗan-kaɗan, rana ɗaya ake zuba shi, kuma sai an tara rodi da tsakuwa da siminti mai yawa. Wata shekara ya tara simintin a lungun gareji, ya rufe da leda. Aka yi ruwa da iska, iskar ta yaye kwanon da ya yi rufin wucin gadi da shi. Kafin ya ankara buhunan sun zama dutse. Juma'ar da ta biyo baya ya zo, ya zauna a zaure, bai ce komai a kan gini ba, ni ma ban tambaya ba.

Daga nan zuwansa ya ragu. Ya koma wata-wata, kuma a motar haya, ba ƙarar babur. Nakan zauna bakin hanya ranar Juma'a har la'asar ta yi sanyi, in dawo gida in ƙi cin tuwo. A raina na yanke cewa ya gaji da ni. Wata rana ya zo, na shige ɗaki na ƙi fitowa, ya jira har rana ta kusa faɗuwa, ya ajiye mini biredi da sabulu ya tafi. Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Tana tankaɗen gari ta gaya mini cewa babur ɗin ya sayar ya sayi rodi, kuma gonar da ya gada ma ya sa ta a kasuwa. Ta ce a ƙafa yake yawo a Gusau yanzu, saboda ɗakina.

Ina shekara goma sha biyar aka gama. Amma a lokacin idon Kaka ya tafi. Ni ce mai ɗebo ruwa, ni ce mai hura wuta, ni ke riƙe hannunta zuwa bayan gida. Baba ya ari motar wani da ya gyara wa, ya zo ya ɗauke mu duka biyu, da niyyar mu zauna tare gaba ɗaya. Kaka ta lalubi matattakalar da hannu, ta hau taki biyu, ta zauna tana haki. Ta sa wa ginin albarka, sannan ta ce ita ba ta iya zaman sama, kuma ba ta barin gidan mijinta ya zama kango. Ta ce ni in zauna wurin ubana, Allah ba ya barin ta.

Baba ya hau da ni. Ɗakina an yi masa shuɗin fenti, ga sabuwar katifa ba a ko cire ledarta ba, ga taga a inda na ce. Ya buga ƙusa a bango don rataya jakar makaranta, amma ƙusar iya ƙuguna ta tsaya, daidai hannun ƙaramar yarinya. Ya dubi ƙusar, ya dube ni. Daga tagar na leƙa ƙasa, na ga Kaka tana shafa ƙasa da hannu tana neman sandarta, ga sandar dab da ƙafarta.

“Uwata, ki koma da ita,” Baba ya ce, bai dube ni ba. “Ni ina da idona.”

Da yamma ya maida mu Rawayya. Kaka ta ƙara shekara huɗu a duniya, a hannuna ta cika. Bayan nan na tafi kwalejin horon malamai, sai hutu kawai nake zuwa ɗakin nan. Daga kwaleji sai aure da aiki a Tsafe. Shi kuwa Baba ya ci gaba da hawa matattakalarsa kullum bayan isha'i, ya dafa shayinsa, ya kunna rediyo. Ɗakina yana share shi duk Juma'a.

Yanzu abubuwa sun canza. Motocin zamani sai da na'ura ake gane ciwonsu, aikin Baba ya koma 'yan tsofaffin motocin ƙauye. Ƙauyukan ma sun rage mutane tun da zaman lafiya ya yi wuya. Bara wata 'yar ƙanensa ta taso daga wajen Magami da 'ya'ya huɗu, an kashe mijinta a gona, ba ta da inda za ta sa kai. Baba ya ba ta saman gaba ɗaya, ya sauko da gadonsa lungun gareji, ya kare da labule.

Da na je na gani raina ya ɓaci. Na ce shekarun da ya yi yana wahala, a ce ya ƙare a kwana cikin warin mai? Na roƙe shi ya biyo ni Tsafe. Muna cikin maganar yaran suka ɓarke da guje-guje a sama, dib-dib, har ƙura na zubowa daga rufi. Ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru, ya karkata kai yana saurare.

“Kin ji?” ya ce. “Tun da na zuba kankaren nan nake jiran in ji sawun yara a kaina.”

Ban sake yi masa maganar tashi ba. Nakan je duk ƙarshen wata, in hanya ta yi kyau. In tarar da shi a kan benci, ƙaramar cikin yaran na zaune kusa da shi tana miƙa masa goro, yana ce mata ta rage gudu a matattakala.