Kafur a Akwatin Kaka

Ina aji ɗaya na sakandare a Suleja, zamanin mulkin soja, aka koya mana cewa komai na duniya kashi uku ne: mai tauri, mai ruwa-ruwa, da gas. Malaminmu mutumin Kudu ne, da ya ga mun yi zuru sai ya fassara mana gas da iska. Ya ce kafur ma ba ya narkewa, daga tauri kai tsaye yake zama iska.

Na dawo gida kaina ya kumbura. Na tsare ƙannena da tambayar ko koko mai tauri ne ko mai ruwa, alhali ni ma ban sani ba.

Kakata tana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ciki akwai babbar rigar marigayi kakanmu. Tun rasuwarsa ba ta bari ruwa ya taɓa rigar ba, wai har yanzu tana jin ƙanshinsa a wuyan rigar. Ran nan na tarar ta buɗe akwatin tana mitar kafur ya ƙare.

"Kaka, kin san inda ya tafi?"

"Sai ka faɗa, maigida," in ji ta, don haka take tsokanata.

Na gyara tsayuwa kamar malam a gaban allo. "Iska ya zama. Iskar ta shige cikin rigar nan, zare-zare."

Murmushinta ya ɗauke. Ita da ta girma a gindin Dutsen Zuma, iska a wurinta ba wadda ke kaɗa ganye ba ce kawai. Ni kuwa da na ga haka, sai na ɗauka ilimina ne ya ratsa ta, na ƙara da cewa ba a ganinta da ido, kuma malaminmu ya tabbatar.

Washegari na dawo daga makaranta na tarar da tsakar gida tana warin hayaƙin magani. Wata ƙawarta ta ba ta shawarar a wanke rigar da ruwan addu'a. Na yi ta rantsuwa cewa iskar boko nake nufi, ba ta aljanu ba.

"Ɗan nan, iska ai iska ce," ta ce, hannunta cikin kumfa.

Duk kimiyyata ta ƙare a nan, na tsaya kamar gunki ina riƙe mata bokiti.

Da yamma rigar ta bushe a kan igiya. Kaka ta sauke ta, ta kai wuyan rigar ga hancinta, ta daɗe a haka. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin ba.

"Sabulu kawai," ta ce a hankali, ta miƙo min in ninke.