Malam Tasi'u da Ƙa'idar Gandu da Gayauna

Ina hanyar dawowa daga kasuwar Bici Sagir ya kira ni ya ce Allah ya yi wa Malam Tasi'u rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan kaɗuwar rashin, abin da ya sake sukata shi ne daga bakin Sagir na ji, shi iyalan suka fara kira.

Malam ne ya koyar da mu ilimin kwamfuta, ni da Sagir, kuma shi ya ɗauke mu aikin manhajar manoman yankinmu. Duk buƙatar da manomi ya aiko ta waya tana zuwa da adireshi, manhajar ta gwada shi da ƙa'idojinta, ta san shafin da za ta buɗe masa. Ni na tsara ƙa'idojin bisa siffar adireshin kaɗai, tsari mai ƙayatarwa da cikar fasaha. Malam ya duba ya ce, "Injiniya, tsarinka bai san gandu da gayauna ba."

Sai ya rubuta wani ɗan aikin tantancewa na kansa, ya ɗora shi a matsayin ƙa'ida. Kafin a zaɓi hanyar da buƙata za ta bi, aikin zai bincika: idan gandu ne, gonar gida duka, maigida ake kai wa; idan gayauna ce, filin da aka yanka wa ɗa ko matar gida, mai ita kaɗai ake buɗe wa. Da wannan hikima ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Yakan ce, "Hanya ma tana da kunya."

Kula da wannan aiki, wanda shi ne zuciyar manhajar, Sagir Malam ya damƙa wa. Na tuna wa Malam da ladabi cewa sakamakona ya ɗara na Sagir. Ya yi murmushi, ya ce Sagir ya taso a gandu, ni kuwa in ƙara haƙuri, lokacina na tafe. Na duƙufa na sake rubuta aikin, ya fi na da sauri nesa ba kusa ba, sai Malam ya kwanta rashin lafiya, ina jiran ya samu sauƙi in nuna masa. Yabonsa kaɗai nake nema. A wurin ta'aziyya Sagir ne ke karɓar gaisuwa cikin 'ya'yan Malam, ni ina layin masu miƙa hannu.

Allah ya jiƙan Malam, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Hajiya da yara haƙurin rashi. Allah ya taya Sagir riƙon amanar da aka ba shi, ni kuma ya sanyaya mini zuciya, don wanda zai ce mini "ka yi daidai" ya tafi. Amin.